Lita Nawa Muke Sha a Rana, Kuma Wa Ya Ƙirga?

TAMBAYA

Ni direban haya ne, ina jigila tsakanin Katsina da Jibiya. Wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tasharmu, shi ne na ce bari in kawo ta gabanka. Lokacin da ake biyan tallafin mai muna ji a rediyo cewa Najeriya na shan lita miliyan 60 da wani abu kullum. Da aka cire tallafin sai aka ce abin ya sauko ƙasa da miliyan 50. Wani abokin aikina ya ce tun asali lissafin ƙarya ne, an kumbura shi ne don a ci kuɗi. Wani ya ce a'a, man da ake tsallakawa da shi Nijar ne ya tsaya. Ni kuma na ce tsada ce ta sa mutane suka jingine motocinsu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, tun da na fara tuƙi ba wanda ya taɓa tsayar da ni ya ce lita nawa na sha yau. To wa ke ƙirgawa, kuma a ina? Haka batun wuta. Ana cewa muna da megawat 13,000, mu kuwa a unguwa sai mu kwana uku ba mu gan ta ba. Allah ya ƙara basira.

Wani direba, daga Katsina

AMSA

Malam direba, Allah ya kiyaye hanya.

Ba wanda ya tambaye ka, kuma ba wanda zai tambaye ka, domin ba a bakin tankin motarka ake awon ba. A ƙofar daffo ake yin sa. Duk tankar da ta yi lodi ta fita, ana rubuta yawan litar da ta ɗauka da gidan man da aka ce za ta kai wa. Da yamma a haɗa na Apapa da na Fatakwal da na Warri da na Kalaba da sauransu, jimillar ita ce ake karanta muku a rediyo da sunan "man da 'yan Najeriya suka sha". Hukumar da ke riƙe da wannan littafi a yanzu ita ce NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa. Abin da take da shi a hannu shi ne adadin man da ya bar daffo. Inda ya ƙare bayan nan, ko a tankinka, ko a janaretan mai walda, ko a jarka kan babur a hanyar Maraɗi, wannan ba ya cikin littafin.

Na san a gida ka taɓa ganin irin wannan. Manomi ya ce ya sami dami 100. Aka sussuka, aka sheƙe, aka zuba a buhu, sai ya ba da wani adadin. Aka fitar da zakka, aka biya bashin taki, ɓera da gara suka ɗauki rabonsu a rumbu, sannan uwargida ta faɗi tiya nawa ta shiga tukunya. Duk cikinsu ba maƙaryaci, kowa inda ya tsaya ya auna. Matsala tana farawa ne ranar da aka ɗauki lissafin dami aka ce shi ne abin da iyali suka ci, sannan aka ce wani ya biya kuɗi a kan kowane dami.

Haka aka yi da tallafi. Ana biyan sa ne a kan kowace lita, saboda haka duk litar da ta ƙaru a takarda kuɗi ne. A shekarun ƙarshe na tallafin kamfanin NNPC ne kaɗai ke shigo da fetur, shi ke faɗin nawa ya shigo da shi, kuma shi ke cire kuɗin tallafin daga cinikin ɗanyen mai kafin ya zuba saura a asusun da tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke rabawa. A 2022 kaɗai abin ya haura naira tiriliyan 4. Ko da mutum waliyyi ne, ba a barin sa ya zama shi ne mai awo, shi ne mai saye, shi ne kuma mai ajiyar kuɗi. Wannan ba zargin kowa ba ne, tsarin ne ya buɗe ƙofar zargi, don haka abokinka na farko ba daga sama ya tsinci maganarsa ba. Tun a 2012 kwamitin Majalisar Wakilai da ya binciki tallafi ya gano an biya wasu 'yan kasuwa kuɗi a kan man da takarda ce kawai ta shaida zuwansa. Abin takaici, shugaban kwamitin kansa, Farouk Lawan, daga baya kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hanci a cikin wannan binciken.

Sai kuma abin da ya faru a Satumban 2022. Shugaban Kwastam na lokacin, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya zauna gaban wani kwamitin majalisa ya nuna shakkarsa a fili: idan ana cewa ƙasa na shan lita miliyan 60, me ya sa ake barin miliyan 98 su fita daga daffo a rana? NNPC ta mayar da martani cewa matsakaicin abin da ke fita a watanni takwas na farkon shekarar miliyan 68 ne. Ka ga hukumomi biyu na gwamnati ɗaya, kowa da adadinsa. Kai da kake kan hanya, yi wannan lissafin da kanka. Tsakanin 60 da 98 akwai lita miliyan 38. Tanka mai cin lita 33,000 sai an jera sama da 1,100 kafin su kwashe wannan. Kullum. Da irin wannan ayari na ratsa Jibiya da Illela da Maigatari da Seme kowace rana, da ba ku sami wurin wucewa da fasinja ba.

Amma kada wannan ya sa ka watsar da maganar abokinka na biyu. Fasa-ƙwauri gaskiya ne, kuma kai ka fi ni sani. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200 a Katsina alhali a Maraɗi ta ninka haka, dole mai ya bi kuɗi ya tsallaka, kamar yadda ruwa ke bin gangare. Har suna sana'ar ta samu a kowace maƙwabciya: a Nijar ruwa-ruwa, a Benin kpayo, a Kamaru zuwa-zuwa. A Nuwamban 2019 sai da Kwastam ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, mutanen garuruwan iyaka suka sha wuya a kan laifin da ba duka suka yi ba. Nijar tana da matatarta a Damagaram tun 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, amma mai arha na jarka ya ci gaba da samun kasuwa. Da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ribar tsallakawa ta ragu ƙwarai, har masu sayar da mai a kwalba a Kwatano suka ji a jikinsu.

Taka maganar ma tana nan daram. Mai mota biyu ya koma ɗaya, mai ɗaya ya koma hawa Keke, mai janareta ya rage awannin kunnawa. Kai da kanka ka san sawu nawa kake yi da, nawa kake yi yanzu.

To wanne ya fi yawa cikin ukun? A nan littafin daffo ya gaza. Shi abin da ya nuna kawai shi ne kimanin lita miliyan 20 sun daina fita kullum. Bai raba su gida uku ba, kuma ba zai iya ba, tunda ba a bin tanka har gidan mai a ga ta sauke, ba a kuma haɗa lissafin famfon kowane gidan mai wuri guda. Idan ka matsa mini in faɗi ra'ayina, zan ce da ku ukun kun daina musu kun haɗa maganganunku, da kun fi kusa da gaskiya fiye da sanarwar da kuka ji a rediyo. Ina dai ƙara ba maganar abokinka na farko nauyi fiye da yadda hukumomi ke so a ba ta, saboda adadin da kuɗi ke rataye a wuyansa, kuma mai karɓar kuɗin ne ke faɗinsa, ba ya rasa ƙiba.

Ɗanyen mai ma yana da irin tasa rigimar, sai dai ta fi sauƙin warwarewa. Za ka ji yau an ce muna haƙo ganga miliyan 1.7, gobe jarida ta ce miliyan 1.5, sai ka ɗauka wani ya yi ƙarya. Sau da yawa bambancin wani ruwan mai ne mara nauyi da ke fitowa tare da iskar gas, wanda ake kira kondenset. Hukumar NUPRC mai kula da haƙo mai takan haɗa da shi idan tana faɗin jimilla, ƙungiyar OPEC kuwa ba ta sa shi cikin kason da ta yanka wa Najeriya, wato ganga miliyan 1.5 a rana tun farkon 2024. OPEC ɗin ma, da yake ta san halin 'ya'yanta, jeri biyu take bugawa a rahotonta na wata-wata: abin da kowace ƙasa ta faɗa da bakinta, da abin da masu bin diddigi na waje suka ƙiyasta. Ganga ɗaya lita 159 ce. Kuma nan ma wurin awo yana da muhimmanci, domin abin da ya fito daga rijiya daban, abin da ya isa tashar lodin jiragen ruwa daban. A tsakani akwai bututu, a jikin bututu akwai ɓarayi. A Agusta da Satumban 2022 abin da aka ƙirga ya faɗi ƙasa da ganga miliyan 1 a rana, a ƙasar da ta taɓa haƙo kusan miliyan 2.5 a 2005.

Yanzu wuta. Megawat 13,000 ɗin da kake ji, ƙarfin injinan da aka girka ne, wato abin da za su bayar da a ce dukkansu lafiya lau suke, ga gas, ga ruwa. Kamar a ce tasharku na da mota 130 a rajista. Nawa ke kan hanya yau? Wasu na gareji, wasu ba mai, wasu ba taya. Kainji, wadda aka gama a 1968, an gina ta ne a kan megawat 760, Jebba 578, Shiroro 600, Zungeru sabuwa 700, amma ƙarfin madatsa yana bin yawan ruwan da ke bayanta. Mafi yawan sauran tashoshin, irin su Egbin ta Legas, da gas suke aiki, kuma masu gas sukan rage bayarwa idan bashi ya taru. Abin da ke hawa babban layi a yawancin ranaku tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000, na ƙasar da ake ƙiyasta mutanenta sun haura miliyan 200. Na ce ƙiyasi, domin rabon da a ƙirga mu tun 2006.

Daga wannan ɗan abin ma sai an yi ragi. Wani ya zube a wayoyi kafin ya iso. Wani ana sayar wa Nijar da Benin da Togo bisa yarjejeniya. Ka tuna yadda Yamai ta shiga duhu da aka yanke layin bayan juyin mulkin Yulin 2023. Saura a raba wa kamfanonin rarraba wuta 11 da aka sayar wa 'yan kasuwa a 2013, su kuma tun Afrilun 2024 sun fi karkata ga layukan da ake kira Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana a farashi mai tsada. Unguwarku idan ba ta cikin wannan aji, abin da ya rage take jira. Mu a Arewa akwai ƙarin rauni: layukan da ke kawo mana wuta ƙalilan ne, shi ya sa a Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, na biyun da ke biyowa ta Makurɗi ya faɗi, jihohi da dama suka yi sama da mako a duhu, alhali injinan Kudu na nan da ƙarfinsu a takarda.

Ko adadin wutar da aka ce mun sha ma, wani ɓangarensa kintace ne. Rahoton ƙarshen 2024 na NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ya nuna masu rajistar wuta sun kai kimanin miliyan 13 da rabi, kuma waɗanda ke da mita ba su kai rabi ba. Sauran bil ɗin ƙiyasi ake kawo musu. Idan kana da mai karanta maka Turanci, rahoton nan na fitowa duk wata uku kuma kyauta ne a intanet. Ku nemi lissafin KEDCO, wadda ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ku ga nawa ta karɓa daga babban layi, nawa ta rubuta wa bil, nawa aka biya ta. Lambobi uku ne daban-daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi megawat 13,000 ba da labarin kwana ukun da kuke yi a duhu.

Akwai kuma wutar da ba ta shiga kowane rahoto: ta janareta da ta sola. Mai walda na bakin tasharku, da mai niƙa, da mai cajin waya, kowa tashar wutar kansa ne. Man da suke zubawa a janareta yana cikin miliyoyin litar nan da ake cewa motoci sun sha, wutar da suke samu da shi kuwa ba wanda ya rubuta ta a megawat.