Yadda Ƙwayar Tarin Fuka Take Ɓuya Cikin Masu Gadin Jiki

Darasinmu na wannan fitowa yana kan tarin fuka, da dalilin da ya sa maganinsa ke ɗaukar wata 6.

Ku sani ƙwayar wannan cuta, wadda Robert Koch ya gano a Jamus a 1882, ta iska take shiga. Idan majiyyaci ya yi tari cikin ɗaki rufaffe, ƙwayar takan daɗe tana yawo, wani ya shaƙe ta har ƙarshen huhunsa. Shi ya sa muke jiye wa ƴan ci-ranin Adar, masu kwana da yawa a ɗaki guda a Abijan ko a ramukan zinariya na Jado.

A cikin huhu akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu gadi, likitoci na kiransu makrofaj. Aikinsu haɗiye baƙo. Su sa shi cikin wata ƴar jaka, su haɗa ta da wata jakar mai ruwan tsami, ya narke. To, ga abin al'ajabi: ƙwayar tarin fuka ba ta gudun a haɗiye ta. Tana sanye da riga mai kauri, mai maiƙo, kuma da ta shiga sai ta hana jakunkunan biyu haɗuwa, kamar yadda Armstrong da Hart suka nuna a Ingila a 1971. Ɓarawo ke nan ya tare a ɗakin mai gadi, yana ci daga tukunyarsa. Ba ta kuma gaggawa: takan yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, alhali wata ƙwayar ciki minti 20 ya ishe ta.

Da jiki ya kasa kashe ta, sai ya kewaye ta da ganuwar ƙwayoyin tsaro. Tana iya kwanciya a nan shekaru, mutum lafiya lau, ba ya sa wa kowa. Kusan 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ɗauke da ita ne ke kwantawa ciwo, galibi idan yunwa, ko sida, ko ciwon sukari ya raunana ganuwar.

Nan ne kurenmu yake. Makonni kaɗan da fara magani tari ya lafa, nama ya dawo, sai mutum ya aje ƙwayoyi ya koma tafiya. Waɗanda suka mutu su ne masu saurin hayayyafa. Na ɓoye suna nan, kuma suna iya tasowa da taurin da maganin farko ba ya karyawa. Don haka aka tsara magani huɗu wata 2, sannan biyu wata 4.

Duk wanda tarinsa ya wuce mako 2, musamman da zufar dare da rama, ya kai kakinsa a auna a asibitin Tawa, ko na Galmi, ko likita mafi kusa. Maganin kyauta ne a Nijar. Masu kula da masallatai kuwa, a riƙa buɗe tagogi ko da lokacin ɗari ne.