DARASI A KAN FARIYA DA ALMUBAZZARANCI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo da godiya su tabbata ga Allah, wanda Ya ke yalwata wa wani Ya ƙuntata wa wani domin jarrabawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku samari 'yan'uwana Musulmi, darasinmu a kan wata cuta ne da ta ci gari, watau mutum ya sayi kayan tsada don kurum a gani, a ce wane ya isa. Sai kowa ya karanta yana duban kansa, kada ya dubi maƙwabcinsa.

MA'ANA

Malamai sun ce israfi shi ne wuce iyaka ko da a cikin halal. Tabziri, watau almubazzaranci, shi ne zuba dukiya inda ba ta dace ba. Fariya kuwa ita ce nuna abin hannunka don ka ɗaukaka bisa ɗan'uwanka. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Allah (S.W.T.) Ya hana almubazzaranci, har Ya haɗa masu yinsa 'yan'uwantaka da shaiɗanu. To, wane mai hankali ne zai biya kuɗinsa ya sayi irin wannan zumunci?

ƘISSAR ƘARUNA

Ku buɗe Suratul Ƙasas daga aya ta 76 zuwa ta 82. Ƙaruna daga mutanen Annabi Musa (A.S.) ya ke. Allah Ya ba shi taskoki waɗanda mabuɗansu kaɗai kan gajiyar da ƙarfafan maza. Aka yi masa nasiha ya kyautata kamar yadda Allah Ya kyautata masa, sai ya ce iliminsa ne ya kawo masa. Rannan ya ci ado ya fito wa jama'a. Nan fa 'yan kallo suka rabu biyu. Masu son duniya suka shiga burin a ce su ne shi. Ma'abota ilimi suka tsawata musu, suka tuna musu da sakamakon Allah. Daga ƙarshe ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, da gari ya waye masu burin jiya suka koma godiya da ba a ba su ba.

Ɗan'uwa, yawancinmu ba mu da dukiyar Ƙaruna, amma dukkanmu muna cikin 'yan kallo. Idan ƙatuwar mota ta wuce majalisarku, cikin wace ƙungiya zuciyarka ta ke tsayawa? Mai fariya ba ya fitowa sai ya san akwai masu leƙe da kirari. Su ne kasuwarsa.

GANI GA WANE

Ku tambayi dattawanku labarin Udoji. A farkon 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, kuɗin man fetur sun shigo, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da cikon watannin baya a dunƙule. Jama'a suka afka wa kantuna, wannan babur, wancan rediyo mai kaset, wancan kuma ƙarin aure. A wannan shekara tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100. Kafin a farga farashin mai ya faɗi, a 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu. Wanda ya sayi fili ko ya koyi sana'a ya tsira da mutuncinsa. Wanda ya sayi kallo, babur ya tsufa, masu tafi sun watse.

Yau cutar ta sake riga. Yaro bai ajiye ba bai ba wani ajiya ba, amma sai ya riƙe iPhone ta dubban ɗaruruwan naira, alhali mahaifiyarsa na auna masara da gwangwani. Wani ya ari mota ya jingina ya ɗauki hoto ya sa a Facebook da TikTok. Ya manta zanen aro ba ya rufe katara. In an zo biki, akwatunan lefe jere, anko kala-kala, a kama zauren taro, a yi ta liƙi ana tattaka kuɗi. Ko dokar ƙasa ta hana wannan: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50,000, ko duka biyu, ga mai wulaƙanta naira.

ILLOLINTA

Na farko, bashi. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, Annabi (S.A.W.) ya ƙi sallatarta saboda dinari 3 da a ke bin mamacin, sai da Abu Ƙatada (R.A.) ya ɗauki nauyin biya. Dinari uku fa, jama'a! Ina ga wanda ya ci bashi don shadda da agogo?

Na biyu, neman kuɗi ta kowace hanya. Wanda ya saba da rayuwar da ta fi samunsa, wata rana zai taɓa amanar maigidansa, ko ya faɗa damfara ta intanet, ko caca.

Na uku, toshe ƙofar aure. Kowa ya yi lefen gasa ya tsawwala wa na bayansa. Samari su kasa, 'yan mata su daɗe a gida, ɓarna ta yaɗu. Alhali da Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya yi aure, Annabi (S.A.W.) ya umurce shi da walima ko da da akuya guda ce.

Na huɗu, ƙasƙanci ranar Lahira. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Ibnu Umar (R.A.) cewa mai sa tufa don neman suna, tufar wulaƙanci za a sa masa ranar tsayuwa.

SHIN ADO HARAMUN NE?

A'a. Kada wani ya ce Malam ya hana tsabta. Muslim ya ruwaito cewa wani ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da mai son rigarsa da takalminsa su yi kyau, ya nuna masa cewa Allah Yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Usmanu ɗan Affan (R.A.) attajiri ne, amma rijiyar Ruma ya saya wa Musulmi, ya kuma shirya rundunar Tabuka. Suratul Furƙan aya ta 67 ta yabi bayin da ke tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro.

MAGANI

Kafin ka zaro kuɗi, ka yi wa kanka tambaya uku. Da babu mai gani, zan saya? Kuɗin nan nawa ne, na halal ne? Na sauke haƙƙin iyaye da iyali da zakka da masu bina? In amsa ɗaya ta zama a'a, to mayar da hannunka aljihu.

Sa'an nan ka riƙa duban na ƙasa da kai, kamar yadda Annabi (S.A.W.) ya koyar, don kada ka raina ni'imar Allah. Ka rabu da abokan da ke auna mutum da wayarsa. In aurenka ya zo, ka yi ƙarfin halin fara sauƙaƙawa a danginku. Za a yi surutu kwana biyu, amma na bayanka za su yi maka addu'a.

Allah Ya azurta mu da wadatar zuci, Ya tsare mu daga riya da bashi, Ya sa abin hannunmu ya zama hujja gare mu ranar hisabi. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.