Wa Zai Tallafi Hannuwan Mai Jinya?

Karatu: Fitowa 17:8-13 da 1 Timoti 5:3-16

'Yan'uwa cikin Almasihu, kusan kowace ekklesiyarmu tana da tsoho ko tsohuwa da muka daina gani a majami'a. In mun tambaya, sai a ce, “Ai ta ruɗe.” Ta ci tuwo yanzu, ta ce ba a ba ta ba. Tana kiran ɗanta da sunan mijinta da ya rasu. Da magariba takan ɗaure kayanta, wai za ta gida, alhali kuwa a gidanta take.

Mukan kira wannan gigin tsufa, amma ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho yake kamuwa da shi ba. Wani likita na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irin da ya fi yawa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne suke fama da ciwon mantuwa. Har yanzu ba maganin da ke warkar da shi. Amma in ruɗewar ta zo farat ɗaya, a gaggauta zuwa asibiti, gama zazzaɓi ko ciwon mafitsara sukan kawo haka, waɗannan kuwa suna jin magani.

Abin kunya ne a ce har a cikin masu bi akwai waɗanda ke raɗa cewa irin wannan tsohuwa mayya ce, don an same ta tana yawo da dare. Hanyar ɗakinta ce ta ɓace mata. Wanda ya yaɗa wannan magana ya yi shaidar zur, ya kamata dattawan ekklesiya su kira shi su tsauta masa.

Yanzu mu duba karatunmu. A Refidim, muddin hannuwan Musa suna sama Isra'ila ke rinjayar Amalekawa. Amma Musa mutum ne, hannuwansa suka yi nauyi. Haruna da Hur ba su yi masa wa'azin haƙuri ba. Dutse suka kawo ya zauna, suka riƙe hannuwansa har faɗuwar rana.

Wace ce Musa a gidan tsohuwar nan? Yawanci 'yarta ce ko surukarta. Ita ke wanki, ita ke ciyarwa, ba ta barcin kirki, ta bar kasuwa, ta bar sujada. Wani lokaci ma tsohuwar ta ce ita ce ta sace mata kuɗi. Mu kuwa mu shiga, mu yi addu'ar minti 5, mu ce “Sannu da ƙoƙari,” mu fita. Addu'a tana da kyau, amma mun bar ta da hannuwa a sama.

Bulus ya ɗora nauyin farko a kan 'ya'ya da jikoki. Don haka a tuna wa 'ya'ya maza na birni cewa aiko kuɗi kaɗai bai sauke musu ba. Amma bai sallami ekklesiya ba. Zumuntar mata ta raba kwanaki, mutum biyu su zauna da tsohuwar, mai jinya ta yi barci ko ta je sujada. Samari su ɗebo ruwa. A sanar da maƙwabta, domin in ta fita a komo da ita a hankali.

In kun je, kada ku ce, “Kin gane ni?” Ku faɗi sunanku. Kada ku yi mata gardama. Ku rera waƙar da ta koya tun tana ajin baftisma, gama sau da yawa tsohuwar waƙa takan zauna bayan sunaye sun tafi. Fasto kuma ya kai mata Jibin Ubangiji har ɗaki.

Kafin Lahadi mai zuwa, kowane aji ya rubuta sunayen tsofaffin da ba a gani ba tun girbi, da sunan mai kula da kowannensu, ya miƙa wa dattawa.