Yadda Ake Ɗauko Karen Tsintuwa Bayan Mutuwar Na Gida

A daminar da ta wuce, ran wata Talata da asuba, na fito alwala na tarar da Duna, karen da ya tsare mana ƙofa shekara goma sha ɗaya a gidanmu na Jankara, can wajen Ijaiye gaba da Agege, kwance a gindin tankin ruwa inda ya saba kwana, ya miƙe ƙafafu, rai ya yi halinsa. Bahaushe ba ya zaman makoki don kare, ba kuma wanda zai taka ya zo maka ta'aziyya, hasali ma in ka bari aka ga damuwa a fuskarka sai a yi maka dariya a majalisa. Amma duk da haka yaran gidan nan sun yini ba su taɓa abinci ba, uwarsu kuwa, wadda tun zuwansa take korarsa daga bakin madafa, ita ce ta riƙa ajiye ƙanzo a gefe har kwana uku kafin ta tuna babu mai ci. Abin da na koya tsakanin wannan rana da ranar da wani kare ya maye gurbinsa, shi nake so in shimfiɗa wa 'yan'uwa mazauna Legas, na Zangon Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da sauran unguwanninmu, waɗanda lalurar tsaro ta sa suke kiwon kare.

Abu na farko, a sallami wanda ya mutu. Kada a jefa shi a kwata ko a bola kamar yadda aka saba gani, domin mushe najasa ne, kuma cuta ce ga maƙwabta. A haƙa rami mai zurfi, kamar kamu biyu ko fiye, nesa da rijiya, a rufe shi, a ɗora dutse don kada wasu karnuka su tone. In ba a san abin da ya kashe shi ba, musamman in ya yi amai da zawon jini kafin ya cika, to, a ƙone tsumman da yake kwanciya a kai, a wanke kwanonsa da daɓen makwancinsa da ruwan Hypo ko Jik, awo ɗaya cikin awo talatin na ruwa, saboda ƙwayar cutar da likitoci ke kira fabo tana iya zama a ƙasa watanni da yawa tana jiran ɗan kwikwiyon da za a kawo. In kuwa ya mutu yana dalalar da miyau yana kai cizo, kada kowa ya taɓa shi da hannu tsirara, a kira likitan dabbobi, duk wanda ya ciza ko ya lasa a kan rauni kuma a garzaya da shi asibiti a ranar.

Daga nan sai a dakata. Yara za su matsa, kamar yadda autata ta tsare ni ran kwana biyu tana cewa, "Baba, a samo mana wani Duna mana." Na ce mata, "Uwata, Duna ɗaya ne, ya kuwa tafi." Wannan ita ce mas'alar da galibin mutane ke kuskurewa a kai, domin wanda ya ɗauko kare alhali zuciyarsa tana cike da kamannin na da, zai auna sabon da mudun tsohon, ya ga bai san muryar maigida ba, bai san wane baƙo ake bari ya shiga ba, bai san ba a shiga ɗaki ba, sai ya ƙosa da shi cikin mako guda ya mayar da shi titi, ya zama an ƙara wa dabbar wani zalunci a kan wanda ta riga ta sha. Mu mun yi wata biyu. Ban ce kowa ya yi haka ba, amma a bari har sai an iya ambaton tsohon ana murmushi.

Cikin wannan jira ne ya kamata mutum ya binciki niyyarsa, ya kuma san matsayinsa a shari'a. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ana tauye masa lada kowace rana, malamai da yawa kuma sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan ukun idan akwai tsoro na haƙiƙa. Masu sharhin Risala sun hakaito cewa shi kansa mawallafinta, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Duk wanda ya kwana a Legas cikin dare babu wuta ya fahimci wannan jawabi ba sai an yi masa tafsiri ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne, har da miyansa, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa ta'abbudi ne. Shafi'iyya suna ganin najasa ce mai kauri, a unguwa irin tamu kuma, inda ake cakuɗe da mutane iri-iri, wajibi ne ka kiyaye wa maƙwabcinka butarsa da tabarmar sallarsa ko da fahimtarku ta saɓa. Makwancin kare tsakar gida ne ko bakin ƙofa, ba ɗaki ba. Akwai kuma wata fa'ida a karɓar na tsintuwa: mashahurin zance a mazhaba shi ne hana cin kuɗin kare, ko da yake Sahnun, ɗaya daga cikin malaman mazhabar, ya halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙonsa, don haka wanda ya karɓi kyauta ya fita daga saɓanin baki ɗaya.

In gidan haya kake, nemi yardar mai gida da ta sauran 'yan haya tun kafin ka fara nema. Gidajen nan masu ɗakuna suna kallon juna, da siririn lungu a tsakiya da banɗaki ɗaya, ba su dace da kare ba ko kaɗan, gara ka haƙura.

Samunsa ba wuya. Akwai wanda masu shi suka tashi suka bar shi ɗaure a kango, akwai 'yan kwikwiyon da karya ta zuba a ƙarƙashin matacciyar mota a garejin makanikai, akwai masu gewaya mayankar Oko-Oba suna kalen ƙashi. Mafi aminci shi ne a fara tambayar likitocin dabbobi, don su ake kai wa irin waɗannan, sun kuma san masu jinƙan da ke tattara su suna jinya har a samu mai riƙo. Wanda ka tsinta da kanka kuwa, kada ka ɗauka ba shi da mai shi don kawai ka gan shi a rame. Yi cigiya a unguwa, ka gaya wa masu gadi da masu shaguna, ka ba da kwanaki, kada ranar da ka gama yi masa hidima wani ya zo ya kira ka ɓarawon kare, abin kunyar da ba ya wankuwa.

Kafin ka miƙa hannu, tsaya daga nesa ka dube shi da kyau, nan ne kuma nake roƙon mai karatu ya natsu. Karen da ya ga ka tsuguna ya sunkuyar da kai, ya matso a hankali yana kaɗa wutsiya ƙasa-ƙasa, ya yi sansane ya ja da baya, wannan tsoro ne kawai, tsoro kuwa yana warkewa. Wanda ya ƙame ya zuba maka ido bai ƙifta ba, gashin bayansa ya tashi, ya yaye leɓe, wannan ba na gidan da ke da ƙananan yara ba ne. Wanda kuwa haɓarsa ta saki, miyau na zuba, muryarsa ta sauya, yana tangaɗi ko yana cizon itace da dutse, ka nisance shi, ka sanar da likita, domin alamun haukan kare ke nan, ciwon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, wanda kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. In ya yarda an taɓa shi, ɗaga leɓensa ka ga dasashi: ja-ja shi ne lafiya, fari fat alamar kaska ko tsutsar ciki sun shanye jini. Haƙora suna gaya maka shekaru, don na nono sirara kamar ƙaya suna zubewa tsakanin wata huɗu da shida, zuwa wata bakwai na girma sun cika 42. Ɗan kwikwiyon da bai kai mako takwas ba, a bar shi wurin uwarsa.

Daga inda ka ɗauko shi, kada ka zarce gida, ka fara biyawa ta asibitin dabbobi. Mu mutanen wannan yanki muna da na gwamnatin jiha a Oko-Oba, akwai kuma na 'yan kasuwa. Za a yi masa allurar haukan kare in ya kai wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, a yi masa ta fabo da 'yan'uwanta, a ba shi maganin tsutsa da na kaska. A ƙasar nan ma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, ta daɗe tana sarrafa allurar haukan kare, sannan wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, hukumomi sukan shirya allura kyauta. Ka adana katin da za a ba ka kamar yadda kake adana takardar haya, don ranar da karenka ya yagi ɗan wani, wannan kati shi ne lauyanka. Sai dai a sani, allura ba ta kashe ciwon da ya riga ya shiga jiki, shi kuwa yakan ɓuya makonni, wani lokaci watanni, saboda haka na tsintuwa a keɓe shi, a sa masa ido, a bi abin da likita ya ce. Idan ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti goma sha biyar cur, a tafi asibiti nan take, a tsare karen kwana goma ana lura da shi. Kada a tsaya neman gashinsa a ƙona a shafa.

Ina gargaɗi da babbar murya a kan magungunan gefen titi. Na ga wanda ya shafe karensa da baƙin man mota wai don ƙazuwa, na ga wanda ya yi masa wanka da maganin ƙwari na gona wai don kaska, kare ya lashe jikinsa ya mutu kafin la'asar. Haka nan maganin ciwon kai na mutane, ba a ba kare shi.

Ran da ya iso gida, a nuna masa wurinsa, a ajiye ruwa, a rabu da shi. Makwancin ya zama mai inuwa, an ɗaga shi daga ƙasa da katako, domin ruwan Yuni da Yuli a Legas ba ya shawara, kuma a cikin rairayi mai fitsari ne wani ƙuda ke yin ƙwai, tsutsarsa ta huda fatar kare ta yi masa ƙuraje kamar maruru. Wanda yunwa ta daɗe tana cinsa kada a cika masa kwano lokaci guda, a ba shi kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a yini: tuwo ko shinkafa da dafaffen kayan ciki ko kifi da aka cire wa ƙaya, ba yaji, ba albasa, ba tafarnuwa, ba dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya huda hanji. Mu da Agege ta tara saboda fataucin goro, sai mu ƙara da cewa goro guba ne ga kare, kada yaro ya jefa masa da wasa. A hana yara rungumarsa ko taɓa shi yana ci ko yana barci. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum, da murya ɗaya, har ya gane wane ne nasa. Ba a kiwon kare ranar farauta, haka kuma ba a sa ran wanda ya sha jifa da duka a titi ya fara gadi daren da ya zo. Sarƙa dare da rana tana haukata shi, duka kuma yana koya masa cizo. A sake shi ya zaga gida in an rufe ƙofa da dare. Mu tuna an gafarta wa wani mutum don ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa, an kuma azabtar da wata mata don ta tsare kyanwa ba ci ba sha.

Namu ja ne, mai tabon ƙuna a kafaɗa, wata karya ce ta haife shi a bayan wani gareji. Mako uku ya yi a ƙarƙashin benci, in na ɗaga buta sai ya runtse ido ya manne da bango, abin da ya nuna mini irin hannun da ya fito. Yara suka so a kira shi Duna, na ƙi, na ce jan kare ba ya amsa sunan baƙi, kuma ba na son a riƙa kiran matacce mai rai yana waiwaye. Mahaifiyarsu ta ce, "Malam, to ai sai a ce masa Tsintuwa," aka yi dariya, sunan ya bi shi. Cikin mako na biyar, wajen ƙarfe biyu na dare, muka ji haushi a bakin ƙofa, siriri, mai ɗan rawa, ba irin na Duna mai girgiza kwano ba. Na fito da tocila, ashe akuyar maƙwabci ce ta tsinke igiya. Na kora ta, na dawo na tarar da shi bai koma ƙarƙashin benci ba, yana zaune a gindin tankin ruwa yana kallona.