Darasi: Yadda Ake Gane Banati da Takobin Turawa na Da

Zuwa ga 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Tudun Wada.

Ku sani garinmu garin soja ne, Depo na nan Zariya tun zamanin Turawa. Kakanninmu sun je yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, wasu sun je Bama a yaƙin duniya na biyu. Shi ya sa in an zo rabon gado sai a tarar da tsohuwar banati a ƙasan adaka, magada su sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Wannan asara ce. To ga abin da za ku duba.

Na farko, banatin Ingila. Ka zare ta daga kube, ka dubi gindin ruwan wuƙar kusa da mariƙi. Za ka ga kambin sarauta da haruffan boko biyu. VR na Sarauniya Biktoriya ne, ta rasu 1901. ER na Sarki Edward ne, 1901 zuwa 1910. GR na Sarki Joji ne, daga 1910. In ka ga alama mai kama da sawun kaza, shaida ce kayan gwamnatin Ingila ne.

A nan ake cutar mutane. Doguwar nan mai inci 17 tana ɗauke da 1907, amma wannan sunan samfurin ne, ba shekarar ƙira ba. Shekarar tana ƙasa da shi, wata da shekara: 3 da 17 na nufin Maris 1917. Wadda ƙarfen tsaron hannunta ke da ƙugiya ta fi daraja, don an daina yin ƙugiyar a 1913.

Na biyu, banatin Faransa, mai shigowa ta Maraɗi da Damagaram. Samfurin 1874 a bayan ruwan wuƙar ake rubuta sunan masana'anta da wata da shekara. Samfurin 1886 siririya ce kamar tsinke, mai kusurwa huɗu.

Na uku, takobi. Baturen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya tarar da ruwan takubban Solingen ta Jamus a kasuwar Kano a 1851, fatake na kawo su ta hamada. Alamarsu kyarkeci mai gudu ko jinjirin wata mai fuska. Amma a yi hattara, maƙeran ƙasarmu ma sun riƙa buga jinjirin watan a nasu. Alama kaɗai ba ta isa shaida ba, sai ka kai wa tsohon maƙeri ya duba ƙarfen.

Gargaɗi: kada ka goge tsatsa da magagari ko samfefa, don da alama da kuɗin za su tafi tare. Kananzir da tsumma sun isa. Kada kuma ka raba wuƙa da kubenta.

Daga ƙarshe, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya sai da izini. In baƙo ya taya takobin gado, ka nemi bayani wurin hukumar kafin ka karɓi la'ada. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Haza wassalam.