Darasi: Gundumar Ahmadnagar ta Ƙasar Indiya

A darasinmu na yau za mu duba wata gunduma a jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya. Sunanta Ahmadnagar, amma a 2024 aka sake mata suna Ahilyanagar.

Yanayin ƙasar

Ita ce mafi faɗi a jiharta, wajen murabba'in kilomita 17,000. Tana gabas da manyan duwatsun yammacin Indiya, waɗanda ke tare hadarin da ke tasowa daga teku. Saboda haka ruwan da ke sauka a yawancin gundumar milimita 500 zuwa 600 ne a shekara, kusan daidai da na Katsina da Maraɗi.

Mulki

An raba gundumar kashi 14, kowane kashi ana ce da shi taluka. Babban jami'in gwamnati shi ne Kwalekta, kamar Di'o a wurinmu a da. Ƙauyuka kuwa suna da majalisarsu da mutane ke zaɓa, shugabanta ana kiransa sarfanc.

Noma

Suna noman dawa da gero kamarmu, da alkama da albasa. Inda akwai ban-ruwa ana shuka rake. A 1950 manoman Loni suka kafa masana'antar sukari ta haɗin kai. Amma rake maƙwalwaci ne, ruwa kuwa kaɗan ne. Farin 1972 ya wahalshe su ƙwarai.

Abin da ƙauye ɗaya ya yi

A 1989 mutanen Hiware Bazar suka zaɓi Popatrao Pawar ya zama sarfanc. Suka haƙa ramuka a jikin tuddai, suka gina ƙananan madatsai, don ruwan sama ya tsaya ya nutse cikin ƙasa. Suka hana sare itatuwa da sakin dabbobi barkatai. Suka hana noman rake da ayaba. Kowace shekara sukan auna ruwan da ya sauka, sa'an nan su shirya abin da za a shuka. Rijiyoyi suka kawo ruwa, waɗanda suka yi ƙaura kuma suka fara komowa gida.

Mu lura, ruwan sama bai ƙaru ba. Hana shi gudu suka yi, suka kuma kiyaye dokar da suka kafa wa kansu.

Tambayoyi

1. Ina ruwan damina ke gudu ya tafi a ƙauyenmu?
2. Wane amfani ne ya fi shan ruwa a fadamarmu?
3. Wa zai tara mu mu kafa doka, mu kuma bi ta?