Hukuncin Tazarar Haihuwa Ga Ƙananan Matan Aure A Karkara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, a ƙauyuka da yawa akan aurar da yarinya tun ƙugunta bai gama buɗewa ba. Idan ta sami ciki, naƙuda kan yi tsawo, kan jariri ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Daga nan yoyon fitsari yake samuwa, watau cutar da ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga a Katsina. Yankan gishiri ma yakan jawo ta. Ban da wannan akwai jijjiga da ƙarancin jini, ga kuma kwanika, wadda kan jefa yaron goye cikin tamowa.

To, shin shari'a ta yarda a jinkirta ciki saboda irin wannan lalura? Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir, Allah Ya yarda da shi, cewa sahabbai sun yi azalu a zamanin Annabi (S.A.W.). Malaman Malikiyya sun halatta shi, bisa sharaɗin yardar matar. Aya ta 233 a Suratul Baƙara kuwa ta ambaci shekara 2 ga mai son cika shayarwa. A shekarar 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait, ta yanke cewa ya halatta ma'aurata su yi tazara ta wani lokaci, in sun yi shawara sun yarda, kuma hanyar ba ta da cutarwa. Amma ta haramta kashe haihuwa ɗungurungum sai da lalura ta shari'a.

Sai dai a lura da abu uku. Na farko, halaccin nan na cikin aure ne, bai buɗe ƙofar alfasha ba, bai kuma shafi zubar da ciki ba, wanda Malikiyya suka tsananta hana shi. Na biyu, ƙwaya da allura ba sa kare mace daga ciwon sanyi ko ƙanjamau, saboda haka gwajin jini kafin ɗaurin aure kariya ce ga amarya. Na uku, magani daga hannun ma'aikaciyar asibiti ake karɓarsa, domin mai talla a kasuwa bai san jikin da zai sha ba.

Lalle yarinya amana ce a wuyan uba da miji. Wanda ya hana ta zuwa awo, ko ya bar ta ta kwana ta yini tana naƙuda a ɗaki saboda kunya, za a tambaye shi ranar gobe.

Allah ne Mafi sani.